Haɗin Kentaki da Haɗin Inkil

A jihar Kentaki ta Amurka, sai mutum ya dafa masara, ya tace ruwanta, ya ɗura a sabuwar gangar katako da aka babbake cikinta, ya zauna jiran shekaru. Doka ma ta ce sai masara ta kai kashi 51 cikin 100 kafin a kira giyar bourbon. Duk wannan wahala, ƙarshenta a jefa mata sukari, ɗigon ɗaci, ɓawon lemo da ƙanƙara, a juya, wai an yi haɗi. Masarar da za ta ciyar da gida guda tuwo!

A Inkil ta jihar Bauchi, kan hanyar Gombe, babu ganga, babu jira. Bauchi ta rungumi shari'a tun 2001, mai neman wancan kofi kuwa Hisba ce za ta juya shi. Uwargida dai ta tafasa zoɓo da citta da kanumfari, ta yanka abarba, ta zuba sukari da hannun da bai san awo ba.

Da ƙanƙara kaɗai 'yan Kentaki suka fi mu, don a nan sai wuta ta ga dama. Mai zuwa Inkil da rana, sayo taka a hanya, zoɓo na nan.