Motar da Ta Sha Ruwa da Jama'arta

Duk shekarar da guguwa ta afka wa gaɓar tekun Amurka, ruwa na janyewa sai wata kasuwa ta ci. A Satumbar 2022 guguwar Ian kaɗai ta jiƙa motoci kimanin 358,000, bisa ƙiyasin kamfanin Carfax. Masu inshora su biya masu motocin, a buga wa takardun hatimin salbej, alamar an yanke ƙauna da su, a jera su a filayen gwanjon Copart da IAA. Motar tsere mai tsada kuwa ba ta rasa masoya, ko laka na zuba daga salansarta.

Kan gaba akwai Sarkin Banza, mai raba dare yana leƙen gwanjo a waya. Ya ga Ferrari tana ƙyalli a farashin da bai kai rabi ba, nan take barci ya ƙaurace masa. Hujjarsa ɗaya ce: "Ai ruwa ne kawai, bushewa zai yi." Bai san ruwan teku gishiri ne da shi ba, gishirin nan kuwa sai ya yi watanni yana cin wayoyi da na'urorin da ke ƙarƙashin kujera kafin ya nuna kansa.

Daban yake da mai saye don a kalla. Ian ta fizgo wata McLaren P1 mai ruwan ɗorawa daga garejinta a Fulorida, ɗaya daga cikin 375 da aka ƙera a duniya, ta yi yawo da ita a titi. Freddy Hernandez, wanda masu kallon YouTube suka sani da Tavarish, ya saye ta a kan dala 575,000, ya shiga kwance ta kusa bayan kusa a gaban kyamara. Shi wannan bai yi wauta ba. Duk tsatsar da ya tono, miliyoyin mutane ne za su kalla, kallon kuma kuɗi ne. Matsalar masu koyi da shi ce, waɗanda ke da tsatsar amma ba su da 'yan kallo.

Akwai kuma wanda ba ya jiran guguwa. A 2009 wani dillalin motoci a jihar Tezas ya antaya Bugatti Veyron cikin wani tafkin ruwan gishiri kusa da Galveston, ya ce tsuntsun kwasakwasa ne ya gitta masa. Ya sayi motar a kan dala miliyan 1, ya yi mata inshorar miliyan 2.2. Tsautsayi ya sa wani matafiyi yana ɗaukar motar bidiyo a daidai lokacin, don sha'awa kawai, kuma babu ko gashin tsuntsu a hoton. Ƙarshenta kotu ta ɗaure shi shekara ɗaya da kwana ɗaya.

Mai wankin takarda ba ya son hayaniya. Dokokin jihohin Amurka sun bambanta, don haka sai ya kai motar jihar da ba ta tsananta ba, ya sake mata rajista, hatimin ya ɓace. Idan hakan ya gagara, akwai jirgin ruwa, akwai Kwatano da Legas.

A nan dillalinmu na gida ke karɓar ragama. An wanke kafet, an fesa turare har yana hawa kai, shi kuma yana shafa bonet yana rantsuwa. "Alhaji, wata tsohuwar Baturiya ce ke hawanta, daga gida sai coci." Tsohuwar da ke zuwa coci a motar da ke gudun kilomita 300 a awa, ba mai tambayar labarinta. Dillalin ya karɓi la'adarsa, layinsa ya daina shiga.

Wanda ya fi kowa cin moriya shi ne mai wayarin. Yau gilashi ya sauka da kansa cikin ruwan sama, gobe hon ya kama kuka da asuba, jibi fitilun dashbod su kunnu gaba ɗaya kamar gidan biki. Kullum amsarsa, "Ƙwaƙwalwar ce, ranka ya daɗe, sai an yi oda." Da motar nan ɗaya yake biyan kuɗin makarantar yara.

Alhajin da ya saya kuwa ba zai taɓa yarda an cuce shi ba. Motar na lulluɓe da tamfol a ƙofar gida, in an tambaya ya ce fetur ɗin ƙasar nan ne bai karɓe ta ba.

Mai karatu, in an yi maka tayin irin wannan garaɓasa, ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba zanen ruwa, ɗaga kafet ka nemi yashi, leƙa kusoshin ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa. Sannan ka kwafi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ka saka a shafin VINCheck na NICB, ƙungiyar yaƙi da zambar inshora ta Amurka. Binciken kyauta ne.