Sadakin Zama a Amurka

Talaka idan ya je neman bizar Amurka, tambaya ɗaya ake tsare shi da ita: me zai tabbatar mana za ka koma gida? Mai kuɗi kuwa ƙofarsa daban, wadda majalisar dokokin ƙasar ta buɗe tun 1990, ana ce mata EB-5. A nan ba a damu da komawarka ba, zaman ma ake so ka yi.

Sadakin dai ba na wasa ba ne. Tun gyaran dokar da aka yi a 2022, dala miliyan ɗaya da dubu hamsin za ka zuba a wata sana'a. In ka yarda ka kai kuɗin karkara, ko inda rashin aikin yi ya yi katutu, sai a sallama maka a dubu 800. Ashe Bature ma ya san ragi.

Dole jarin ya samar wa mutum goma cikakken aiki, kuma kai da matarka da 'ya'yanka ba kwa cikin lissafi. Wato ba irin kamfanin Alhaji ba, inda manaja ɗan fari ne, akawu kuma auta.

Sai a ce ka kawo takardun da suka nuna inda kuɗin suka fito. Nan ne wasu manya ke sarƙewa da yawu.

In ka tsallake, koren katin izinin zama na farko na gwaji ne, shekara biyu. Ya haɗa da 'ya'yan da ba su kai 21 ba kuma ba su yi aure ba, da mata guda ɗaya tak. Mai huɗu sai ya kira zaman sulhu kafin ya ɗaure jaka.