Kifin Gilashi da Zakin Larabawa

Ranar wata Asabar bayan La'asar Yaya ya aiko a kira ni, wai akwai babbar magana. Na ɗauka baiko ne ko rikicin gona, har da canza riga. Ina shiga na tarar da falo ya cika: uwargida a kujerar dama, amarya a ta hagu, yara bakwai zube a kan darduma, Kawu ya kame a tsakiya yana jan carbi kamar alƙalin da aka taso daga barci. Ashe Dubai za a tafi hutun ƙarshen shekara, kuma abin da ya hana gidan sakat kwana uku shi ne inda za a kai yara: gidan kifi ko gidan namun daji?

Ni an kira ni ne a matsayin mai karance-karance. Ba wai da ni za a tafi ba.

Tun da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sake buɗe wa 'yan Najeriya biza a 2024, bayan kusan shekara biyu tana rufe, wannan zazzaɓi ya dawo unguwarmu. Da can mutum kan je Dubai ya saro waya da abaya da turare ya dawo abinsa. Yanzu sai an ce "hutu". Hutun da iyayenmu suka sani shi ne a miƙe ƙafa a gindin darbejiya bayan an taso daga gona, amma na yanzu jan akwati shida ne a filin jirgi, ga yaro yana kukan fitsari.

Na fara da ɓangaren ruwa. Na ce a cikin katafariyar kasuwar Dubai Mall akwai tankin gilashi da aka buɗe a 2008, yana cin ruwa lita miliyan 10, har da wata hanya mai tsawon mita 48 da ta ratsa ta cikinsa, kana tafiya kifin shak yana shawagi a saman hularka. A Abu Dabi kuma, a tsibirin Yas, an buɗe SeaWorld a 2023, na farko a wajen Amurka, komai a rufe cikin sanyin na'ura. Na ƙara da cewa ba su kawo jibgegen nan mai baƙi da fari da ake kira oka ba, wanda da shi kamfanin ya yi suna, domin tun 2016 suka daina kiwata sababbi, bayan wani fim na 2013 mai suna Blackfish ya ja musu tsinuwar jama'a kan tsare irin wannan halitta a kwatami.

Kawu ya dakatar da carbi. "Duk na ji. Ana ci?"

Wannan ita ce tambayar da Bahaushe ke yi wa kowace halitta kafin ya tambayi sunanta. Na ce, "Kawu, ai dolfin ma ba kifi ba ne, iska yake shaƙa, kuma uwar tana shayar da ɗanta nono." Ya ce, "Ina yake kwana?" Na ce a ruwa. Ya ce, "To Malikiyya ta gama magana, ko mushensa halal ne." Ya yi shiru yana lissafi, can ya girgiza kai ya ce kifin da ya fi mutum tsawo, wanda in a Argungu aka kamo shi sai an yi wa masuncin kiɗa an ba shi kyauta, shi ne aka ajiye ana ciyarwa safe da yamma ba ya tsinana komai. A ganinsa an tara tukunyar farfesu mai lita miliyan 10, an hana a hura wuta.

Na yi kuskuren ambaton cewa a can Abu Dabi har da wani ɗan uwan ayu. Uwargida, wadda tun shigowata ba ta ce uffan ba, ta gyara zama ta ce, "Baffan yara, suna sayar da man?" Amarya ta ƙware da ruwan da take sha. Yaya ya ce mu wuce zuwa batu na gaba.

Batu na gaba shi ne wanda har yau nake dariyarsa ni kaɗai. A Sharja akwai wani dajin kallon dabbobi da aka buɗe a 2022, wanda suke alfahari da cewa ya fi kowanne girma a wajen Afirka. Sun kwaso zaki da giwa da karkanda da raƙumin dawa, sun dasa itatuwan ƙaya irin na dajinmu, sun kasa wurin shiyya-shiyya. Wata shiyyar sunanta Sahel. Wata kuma Kwarin Neja. Wato mutumin da ya buɗi ido a Sahel, wanda ƙurar hunturunta ke fasa masa leɓe kowace shekara, zai biya biza, ya biya jirgi, ya biya otal, ya yanki tikiti, don Balarabe ya ɗora shi a mota ya nuna masa Sahel. Kuma zai dawo yana cewa, "Kai, mutanen nan sun ci gaba, ka ga ƙayarsu kuwa?"

Sai na ce, tunda dabbobin namu ne, me zai hana a je Yankari? Ga giwaye, ga gwaggon biri mai fizge burodi a hannun baƙo, ga ruwan ɗumi na Wikki da yara za su yi iyo har su gaji. Ko a tsallaka Nijar, a Kure kusa da Yamai, inda ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma ke kiwo a gefen gonaki. A 1996 saura 49 kacal, aka tsare su har suka haura 600.

Falon ya yi tsit kamar na yi saɓo. Can amarya ta ce cikin ladabi, "Baffan yara, in na ɗora hoton Bauchi a waya, me zan rubuta a ƙasansa?"

Ban da amsa. Ko a lokacin, ko yanzu.

Yara maza dai zaki suke so. Na gaya musu gaskiya: zaki yana iya yin awa 20 a rana a kwance. Ma'aikacin gwamnati ne, ana zuwa a tarar da shi a ofis amma ba ya aiki. Kifi shi ne ɗan kasuwa, ba shi da fatar ido da zai rufe, ko gyangyaɗi yake yi sai ka rantse yana jiran ciniki. Kuma na san halinmu. Mu ne ranar Sallah a gidan zu muke tsayawa gaban keji muna ihu, "Kai zaki, tashi, kuɗi muka biya!" Mu ne masu miƙa wa biri cingam, mu tsokani jimina da karan rake. A can kuwa da ka ɗaga tsakuwa wani mai kaki zai dafa kafaɗarka, ka kwana kana bayani da Larabcin Islamiyya.

Duk wannan Yaya bai sa baki ba, yana ta danna na'urar lissafi. Mutum goma sha ɗaya ne har da Kawu. Yakan ɗauki kuɗin tikiti da dirhami, ya juya shi naira, ya ninka sau goma sha ɗaya, sai ya cire tabarau ya goge ya sake farawa, ko na'urar za ta ji tausayinsa. Tausayinsa ni ya kama, har na suɓuta na ce babban gilashin tankin nan na Dubai Mall yana fuskantar hanyar masu sayayya ne, kowa na iya tsayawa ya kalla ba ko sisi. Sai za a shiga ciki ake biya.

Yaya ya ɗago kai a hankali. "Kyauta?"

Nan take aka gano cewa kifi ya fi ilimantar da yara. Uwargida ta amince, saboda shagunan gwal ba su da nisa. Amarya ta amince, saboda shuɗin hasken ruwa yana fito da leshi. Karo na farko ke nan da suka haɗu a kan ra'ayi ɗaya tun da aka kawo ta. Kawu ya shafa fatiha.

Sun je, sun dawo lafiya. An nuna mini hotuna sun fi ɗari uku, kuma a kowane ɗaya mutanen gidan sun juya wa gilashin baya suna murmushi. Kifayen dai sun sha kallon ƙeyar iyalinmu da ɗaurin ɗankwali iri-iri. Na tambayi babban yaron ko ya ga shak ɗin, ya ce Umma ta ce kada ya waiwaya, zai ɓata hoto.

Yaya ya zaɓi nasa guda, shi kaɗai cikin farar shadda, ya kai a faɗaɗa masa don bangon falo. Mai hoto ya ga wani ƙaton kifi ya buɗe baki daidai saitin hular Alhaji, ya ga bai dace ba, ya goge shi tas, ya bar ruwa zalla. Ranar da aka rataye shi maƙwabcinmu ya shigo yi wa Yaya barka da dawowa, ya tsaya ya ƙura wa hoton ido, ya ce, "Masha Allah, Alhaji. Tiga kuka je?"

Wata biyu ke nan, ko a masallaci Yaya ba ya tsayawa sahu ɗaya da shi.