Sunan Yanka Yana Adaka, Lakabi Yana Kasuwa

Ku shiga kara a kasuwar Maigatari ranar Alhamis da hantsi, lokacin da raƙuma suka durƙusa, dillalai suna ta kai gwauro suna kai mari, ku ɗaga murya ku ce "Muhammadu!" Da ƙyar mutum uku su waiwayo, alhali masu wannan suna a wurin sun fi a ƙirga. To ku sake ku ce "Ɗanlami!" ko "Tanko!" ku sha kallo: mai shayi zai ajiye buta, mai igiya zai miƙe, direban da ke lodin shanu zai leƙo ta taga. Haka muke a ƙasar Gumel. Kowanenmu an yanka masa rago an raɗa masa suna mai daraja, sai muka ninke sunan kamar rigar Salla muka sa a adaka, muka fito yawo da wanda kaka ta laƙaba mana.

Kuma duk mun san yadda abin yake faruwa, don da mu ake yi. Ranar bakwai da sassafe maza sun cika ƙofar gida, an raba goro da dabino, liman ya shafa fatiha, maroƙi ya rangaɗa cewa yaro ya ci sunan Abubakar. Kafin a gama fiɗar rago, kafin wanzami ya wanke askarsa, cikin gida an riga an yi wa sunan kwaskwarima. Kakar yaro ta ce sunan marigayi maigidanta ne, bakinta ba zai iya ba, ita Angona za ta riƙa cewa. Mai jego ɗan fari ne gare ta, ko kallonsa a gaban mutane ba ta yi balle kiran suna. Uban kuma sunan mahaifinsa ne, sai ya ce Abba. Goggo ta lissafa da yatsu ta ce ai ran Laraba ya faɗo, Bala ke nan. La'asar ba ta yi ba, jariri ɗan kwana bakwai ya tara suna huɗu, kuma na liman ne zai fi hutawa.

Sunan rana kuwa ba yau muka fara shi ba. Mutumin da tarihi ya ce shi ya kafa masarautar Gumel tare da Mangawansa wajen shekarar 1750, Ɗan Juma ake ce masa, irin sunan da har gobe muke ba yaron da aka haifa ran Juma'a. Sunan ya yi tafiya har Takum, ga Janar Ɗanjuma nan, Bajukune, yana amsa shi. Su Ladi da Talatu da Larai da Lami da Jummai da Asabe, kowace tana ɗauke da kalandarta a ka.

Inda na fi jin daɗin iyayenmu shi ne sunayen da ke ba da labarin gida. Ka ji an ce Tanko, ka san mata ne a gabansa. Kande ko Delu, maza ta biyo. Gambo ya zo bayan tagwaye, Cindo da yatsa shida ya iso, Shekarau ya daɗe a ciki har an fara zullumi. Nomau ya tarar ana noma, Anaruwa ana sheƙa ruwa, Sallau da Tasalla ana shirin idi. Audi kuwa bai tarar da mahaifinsa a duniya ba, shi ya sa tsofaffi ke sassauta murya in za su kira shi. Akwai kuma waɗanda ba a yi musu dariya in an san tushensu: Ajuji, Ayashe, Bawa. Matar da ke wabi, ta haifa ta binne, ta haifa ta binne, ita ce ke kiran jaririnta abin zubarwa a juji, wai ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Duk tsohuwar da kuka ji ana ce wa Ajuji a Gagarawa, ku sani uwarta ta sha kuka kafin ta samu ta tsaya.

Sai lissafin Larabci da muka ara muka mai da shi namu. Auwalu na ɗaya, Sani na biyu, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, har Ashiru na goma, don a rarrabe Muhammadun da suka yi yawa a gida ɗaya. To amma wa ke bin lissafi? Ɗan fari ne cur, amma Sani, don sunan kawunsa ya ci. Gida mai 'ya'ya uku, kuma akwai Ashiru a ciki.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, shi ya sa suna ɗaya ke sauya riga daga baki zuwa baki, mu kuma a mahaɗa muke zaune. Abubakar ɗin nan, Bahaushe ya ce Habu ko Garba, Bafillace ya ce Buba, Babarbare ya ce Bukar. Muhammadu ya zama Mamman a nan, Modu a gabas. Fatima ta zama Binta, ta zama Falmata. Gumel ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, da Barno ta yi zamanta, ga shaida nan a bakinmu: Maina da Bulama duk daga can muka samo su. Ka tsallaka iyaka daga Maigatari ka nufi Damagaram, alƙalamin Faransa ya karɓi aiki. Usman ɗinmu ya koma Ousmane, kamar na Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram da ya zama shugaban Nijar a 1993. Yusufu ya koma Issoufou, shi ne kuma Bature ke ce wa Joseph. Wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya Sule ɗaya Souley, in ka haɗa takardunsu sai ka rantse ba su taɓa cin tuwo a kwano ɗaya ba.

Maganar Sule ta tuna mini da goggota, Allah Ya jiƙanta. Ɗanta na fari Sule, ga shi kuma 'yarta tana aure a Sule Tankarkar. Na taɓa raka ta tasha a Gumel, yaron mota ya tare ta, "Iya, ina zuwa?" Ta gyara mayafi ta ce, "Garin mai sunan yaron nan." Ya ce, "Wane yaro, Iya?" Ta juyo ta harare ni, ni na faɗa. Tun zamanin fam da sule, kafin naira ta zo a 1973, ba ta taɓa cewa sule a ciniki ba, sisi biyu take cewa. Ta rasu da alkunyarta, kuma ɗan nata ya fi kowa sanin irin son da take masa.

Wahalarmu ta zo ne da takarda. Bature yana da sunan dangi da ake gada kaka da kakanni, irin su Smith, wanda asalinsa maƙeri ne. Mu sunanka da na ubanka, shi ke nan. Da aka kai mu boko, aji ɗaya ya cika da Muhammadu da Abdullahi, sai aka riƙa liƙa wa yaro sunan garinsu. Haka aka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, haka mu ma muka sami Gumel da Gagarawa da Maigatari a wutsiyar sunayenmu, har da mai amsa Sule Sule Tankarkar. Yanzu gida ɗaya, wannan ya rubuta sunan uba, wancan na kaka, na ukun ya sa sarautar gidansu. Wani ɗan uwana a takardar firamare Garba, a katin ɗan ƙasa Abubakar, a banki Habu, sai da ya je kotu ya yi rantsuwa cewa duk shi ne kafin ya taɓa kuɗin riɗinsa.

Yau kuma mun shiga yayin lalubo suna a waya, wanda ba a taɓa ji ba a unguwa. Muna jin nauyin Anaruwa, muna rububin Afnan, wanda a Larabci rassan itace yake nufi. Suna ne mai kyau, ba ni da ja. Abin da ke damuna shi ne Kande da Nomau da Audi suna ƙarewa tare da masu su, kuma babu mai maye gurbi. Don Allah, in an yi haihuwa a gidanku, bayan liman ya gama nasa, ku miƙa wa tsohuwar gidan jaririn ku bar ta ta sa nata, sannan ku tambaye ta dalili tun tana da ran faɗa muku.