Mazauna Fada a Damagaram

Wanda ke son sanin halin ɗan Adam ba sai ya shiga Jami'ar André Salifou ba. Ya samu fada, wato majalisar hira, a unguwar Birni ko Zango bayan la'asar, ya jira shayi ya nuna.

Na farko da zai tarar shi ne Jikan Tanimun. Ko kukan tsadar gero aka yi, sai ya kai zancen ga sarkin da ya mulki Damagaram daga 1851 zuwa 1884, ya ja ganuwa, ya ƙera igwa. Har yau bai yafe wa Faransa ɗauke babban birni zuwa Yamai a 1926 ba. Amma in aka zo karo-karon sukari, jikan sarki ba ya da canji.

Kusa da shi ga Mai Raba Ƙafa. Sahun farko da asuba, zauren boka bayan isha'i, laya a damtse. In ka tambaye shi, sai ya ce dogara ga Allah jari ne, sauran rigakafi ne kawai.

Sai Mai Gyaran Sallar Wasu. Ya san wanda ya riga liman ɗagowa daga ruku'u. Abin da ba a taɓa tambayarsa ba shi ne yadda aka yi ya gani.

Ga kuma Ɗan 'Yanci, mai kabu-kabu. "Ba mai sa ni, ba mai hana ni!" Babur na Alhaji, man matatar SORAZ bashi, wayar kuma ta yayansa. Yana cikin jawabin 'yanci ƙaninsa zai leƙo ya ce Inna na kira, sai ka ga an sulale, ko sallama babu.

Mafi daɗin hira shi ne Fasihin Gobe. Waƙarsa za ta binne Mu'azu Ɗan Alalo, wasan kwaikwayonsa zai sa a manta da Tanimoune na André Salifou. An riga an raɗa wa littafin suna, an zaɓi hoton bango, rubutun kaɗai ya rage. Bara zafi ya hana shi, bana ƙarancin ruwan famfo.

A gefen tabarma akwai baduku, ba ya tanka wa kowa. Kafin a sha shayi na uku ya ɗinke jakar fata mai ado, ranar Alhamis ta tafi Kasuwar Dole. Ka ce masa fasihi, ya ce: "A'a, Malam, neman tuwo ne."

Damagarawa sun daɗe da gano maganin waɗannan mutane. A Wasan Kara talaka kan yi shigar sarki, ko gwamna, ko shugaban ƙasa, ya kwaikwayi tafiyarsa da muryarsa, manya na kallo suna dariya. Da za a kwaikwayi mazauna fada ma, duk za su zo, su yi dariya har da hawaye, kowa na nuna na kusa da shi yana cewa: "Wallahi kai ne!"