Kujerar Hajiya a Bakin Daji

Dila ya addabe mu a hunturun bara. Ƙauyenmu yana ƙasar Tudun Wada, kudu da Kano, ba nisa da dajin Falgore, kuma tun muna yara mun san cewa in an girbe dawa, an kwashe gyaɗa, gonaki sun bushe, mutanen daji sukan matso kusa da gari neman abin sawa a baka. Amma na bara ya wuce gona da iri. Kaji, zabi, har ɗan akuyar da bai gama koyon tsayuwa ba. Mata suka kai kuka wajen mai unguwa, mai unguwa ya miƙa maganar ga Sarkin Baka, shi kuwa ya ce a ba shi yaro ɗaya mai riƙe masa fitila. Ni da na zo hutu daga birni, da tumbina da ciwon gwiwata, na ce ga yaro.

Kada a ɗauka irin farautar nan ce ta rana, wadda ake fita da karnuka da gora da barandami, ana kiɗa, 'yan tauri suna kirari, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wannan dako ne. Cikin Falgore an hana farauta, saboda haka a bakin gonaki za a zauna, a ɗaure abin tarko, a yi shiru har mai laifi ya kawo kansa. Aikin duka zama ne. Ni kuwa in akwai abin da na ƙware a kai bayan shekarun da na kwashe a ofis, to zama ne. Sai dai zaman nawa na kujera ne. A ƙasa, ko zaman ɗaurin aure na yi, kafin a shafa fatiha ƙafata ta sage, sai an kama ni na tashi.

Don haka na yi abin da ɗan boko ke yi, na shiga YouTube. A nan na ga yadda mutanen Amurka, can wajen Tekzas, ke farautar nasu dilan da suke kira koyote, wanda ya ɗan fi namu girma. Mutum zai jingina da wata ciyawa, ya kunna na'ura mai kukan zomon da ke cikin wahala, ya jira kamar minti 20 ko 30, in babu labari ya sake wuri. Abin da ya ja hankalina ba bindigoginsu ba ne. Kusan kowannensu yana da ɗan abin zama da yake ratayawa a baya, wani mai ƙafafu, wani mai majingina. Na ce ashe ilimi ya riga ya warware matsalata.

A gidanmu akwai irin wannan kujera guda ɗaya, kuma ta surukata ce. Hajiya ta zo ganin jikokinta, ta taho da kujerar da ta sayo a aikin Hajji: ƙafa uku ta farin ƙarfe mara nauyi, da ɗan tamfol mai kusurwa uku a sama, in an naɗe ta sai a riƙe da hannu ɗaya. A kanta take sallah saboda gwiwa. Tsakanina da Hajiya akwai kunya irin ta gargajiya. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ta, ban taɓa ɗaga ido na kalle ta sosai ba, balle in buɗe baki in ce ta ara mini abin sallarta zan je dakon dila. Na tuntuɓi maiɗakina, ta ce, "Ni dai ba ruwana, ban ji ba, ban gani ba." A fahimtata wannan izini ne. Lissafina mai sauƙi: Hajiya ta idar da isha'i, in ɗauka, in dawo da ita kafin asuba.

Sarkin Baka ya haska ni da tocila daga sama har ƙasa, hasken ya tsaya a kan abin da ke hannuna.

"Malam, wannan fa? Wa'azi za ka yi wa dilan?"

Na ce, "Baba, kariya ce. Akwai kunama, akwai kububuwa. Ka san asibiti guda aka ware a Kaltungo saboda saran maciji kaɗai."

Ya ce, "A wannan sanyin kububuwa tana rami, ta fi ka hankali." Ya karkaɗe wata tsohuwar fatar akuya da gashinta ya zube, wadda ita ce tasa kujerar, ya rataya adakarsa, ya miƙo mini zakaran da za a ɗaure. Zakaran ma na gidanmu ne, shi ma da irin wancan izinin na ɗauko shi.

Tun a hanya ya karanta mini dokoki. Ba tari, ba waya, ba sigari, ba motsi. Dila yana ji, yana sansana, kuma ba banza ake ce masa malamin daji ba. Ba ya zuwa kai tsaye. In ya ji kuka sai ya zagaya ya bi ta inda iska za ta kawo masa warin abin da ke wurin, ya tantance tukuna. Yawanci kuma su biyu ne, miji da mata, ɗaya yana nan ɗaya yana can. Yana cikin bayani sai ya tsaya ya ja hanci.

"Me ka shafa?"

Man zafi ne, a gwiwa. Ya yi salati a hankali, ya ci gaba da tafiya.

Da muka isa, ya ɗebi ƙasa ya sake ta a hankali, ya ga inda ƙura ta nufa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka ya zaɓi wurin da za ta riƙa dukan fuskarmu. Ya kafa turke kamar taku 20 a gabanmu, ya ɗaure zakara, ya jawo wata siririyar igiya daga ƙafarsa zuwa inda za mu zauna, tunda zakara ba ya magana da dare sai an taɓa shi. Ya shimfiɗa fatarsa, ya zauna, ya zama kututture. Ni kuma na buɗe kujera.

A cikin gida ban taɓa sanin tana da murya ba. A wannan filin, ƙarar da ta yi sai da zakara ya amsa. Na zauna, sai Baba ya ce kaina ya fi karan dawa tsawo, duk wanda ya taho daga daji zai ga mutum a tsakiyar sama. Na koma gindin wani kalgo. A nan kuma kunyoyin gona suka hana ƙafafun daidaita. Biyu a kan tudu, ɗaya a kwari, ko ɗaya a tudu, biyu a kwari. Na yi ta juya ta har na samu wani wuri mai laushi da ta zauna daram, na yi hamdala, ban tsaya tambayar abin da ya sa wurin yake da laushi ba. Sai wata ya fito, farin ƙarfen ya fara walƙiya. Baba ya warware mayafin da na naɗe wuyana da shi, ya lulluɓe ƙafafun kujerar. Ita ta samu bargo, ni na samu mura.

Amma a faɗi gaskiya, bayan wannan na ji daɗin zama. Gwiwa ba ta ce komai ba. Na dubi tsoho a ƙasa a kan fatar akuya, har na ji tausayinsa, na fara tsara yadda zan sayo wa maharban garinmu kujeru in Allah ya hore. Lokaci zuwa lokaci yakan ja igiya zakara ya yi ƙara, ko ya manna leɓe a bayan hannunsa ya tsotsa, wani siririn kuka ya fito irin na ɓeran da aka taka. Can da nisa muka ji dila ya yi haushi, wani ya amsa masa daga gefe. Daga nan shiru. Baba ya ce wai a wannan shirun na yi minshari har sau biyu. Ni dai na san nazari nake yi, ido a rufe.

Abin da na ji kawai shi ne mintsini a cinya. Ya kawo baki kusa da kunnena ya ce, "Yana bayanka. Kada ka motsa."

Ina so duk mai adalci ya auna wannan umarni. An gaya wa mutum naman daji yana bayansa, an kuma ce kada ya motsa. Ban ma juya duka ba, wuyana kawai na karkata, kafaɗa ta bi wuya, tumbi ya bi kafaɗa. Kujera mai ƙafa uku kuwa ba ta yarda da karkata. Nauyin duka ya koma kan ƙafar baya, ita kuma ashe a kan rufin ramin gafiya take tsaye. Ƙasa ta burma. Ƙafar ta shige, tamfol ya ce ƙiii ya rabu, na zurma tsakanin ƙarafan, su kuma suka yi abin da aka ƙera su don shi, suka naɗe. Gwiwoyina suka haɗu da haɓata. Hannuna ya bugi tocilar da ke goshina, ta kunnu, ba a kan dila ba, a cikin idon Sarkin Baka.

Adaka ta tashi. Wanda bai taɓa jin adaka a kusa da kunnensa da tsakar dare ba, ba zan iya yi masa bayani ba. Wuta ta fita, hayaƙin albarushi ya rufe mu, ganyen kalgo ya yi ta zubo mana a ka, domin shi aka harba. Ita kuma adaka harbi ɗaya take yi. Kafin a sake ɗura albarushi, a cusa tsumma, a zuba dalma, a danna da sanda, dila ya isa ya je gida ya ba iyalinsa labari.

Sai dai bai tafi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ƙarar ta kore shi 'yan taku, sannan ya tsaya. Ina kwance a gefe, a naɗe kamar kazar da za a kai kasuwa, tocila tana haska ƙasa, na gan shi sosai. Bai kai karen gida ƙosasshe ba. Siriri ne, mai dogayen ƙafafu, kunnuwa a tsaye, da wani layi mai haske a haƙarƙarinsa, bakin wutsiyarsa fari. Idanunsa suna mayar da hasken fitila. Ya ɗaga hanci ya shaƙi man zafina, ya yi atishawa, ya karkata kai yana kallona. Babu tsoro a fuskarsa, babu ma mugunta. Irin kallon da ake yi wa abin da ba a taɓa gani ba ne. Yana cikin wannan kallo muka ji zakara ya yi ƙara ɗaya a gabanmu, ba kuma Baba ne ya ja igiya ba. Uwargidan dila ce ta zo ta ɗauki cefane. Shi ma ya juya ya bi ta, ba gudu ba, sassarfa.

Baba ya daɗe yana murza ido. Da ya fara gani, ya dube ni, sai ya zauna a kan fatarsa ya yi ta dariya har da tari, shi da ya hana tari. Ya gwada jawo ni, kujera ta biyo ni. Ya ja kujera, na biyo ta. A nan ne cinnaku suka gano cewa an kawo musu baƙo, suka shiga ta ƙafar wando.

A ƙasarmu, ƙarar bindiga da dare a bakin daji ba abin wasa ba ce, mutane sun sha fama da ɓarayin shanu. Ba a jima ba sai ga 'yan sintiri da fitilu da sanduna, suna tambayar su wane ne. Suka zagaye ni. Wani yaro da na taɓa biya wa kuɗin jarrabawa ya haska fuskata ya ce, "La, Yallaɓai ne!" Biyu suka riƙe ƙarafa, biyu suka kama hammatata, wani ya ba da umarni, aka ja. Na fito, amma bayan wandona ya zauna tare da kujera.

Har yau ina kan bakana cewa kujerar ba ta da laifi, kuma dabarar tana da kyau. Sa'o'in da na yi a kanta gwiwata ko ƙyas. Ba wanda ya isa ya san akwai ramin gafiya a ƙarƙashinsa da dare, kuma a duk bidiyon da na kalla ban ga inda gafiya ta shiga maganar ba. In akwai abin gyara, a ƙara mata ƙafa ta huɗu ne, a faɗaɗa tafin ƙafafun. Na yi wa 'yan sintiri wannan bayani a hanyar gida, ina tafe da mayafi ɗaure a ƙugu, ba wanda ya saurare ni.

Muna shiga gari ladan yana kiran farko. Na tarar da fitila a kunne a tsakar gida, maiɗakina tana leƙa ƙarƙashin gado tana neman abin da ta san inda yake. Hajiya ta yi asuba a kan kifaffen turmi. Da gari ya waye na durƙusa a bakin ƙofarta, na ajiye ƙarafa uku da ƙyallen tamfol, na gaishe ta. Ta amsa lafiya lau, ta tambayi gajiya, ta sa mini albarka. Ba ta ce mini komai a kan kujera ba. Sai da na miƙe na ji ta ce da 'yarta, da muryar da za ta kai har zaure, "Ki tambaye shi, shi dilan ya samu wurin zama kuwa?"

Mai walda ya miƙe ƙafar, mai gyaran takalmi ya ɗinke tamfol da zaren roba. Hajiya ta aiko a ce mini ta bar mini, abin da dila ya sansana ba za ta yi sallah a kai ba. Na ba wani mai tafiya Umara kuɗi ya sayo mata sabuwa, mai majingina, na kuma biya zakara a farashin da maiɗakina ta yanka, wanda ko a jajibirin sallah ban ji irinsa ba.

Da na je yi wa Sarkin Baka sallama zan koma birni, na ce masa an gyara kujera, in dila ya dawo a kira ni. Na zaci zai ƙi. Sai ya ce, "Ka zo da ita, Malam, ka kuma shafo man nan naka. Amma wannan karon ba sai an ɗauko zakara ba. A wajen turken za ka zauna."