Turaku a Gonar Gero

A ɗaya daga cikin ƙauyukan da birnin Kano ya cim musu, can wajen Kumbotso inda gonaki ke komawa fulotai, akwai wani magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya shida. Sunansa ba shi da amfani a nan, domin ba shi kaɗai ba ne.

Matar ta gaji gona daga mahaifinta, rabin abin da kowane ɗan'uwanta namiji ya samu. Da yake tana kulle, shi yake nomawa, shekara da shekaru, har gari ya saba cewa gonar wane. Shi ma ya ji ana faɗa har ya yarda.

Da kwalta ta ratsa kusa, dillalai suka fara yi masa sallama bayan isha'i. A zaure aka yi ciniki, aka rubuta takarda, aka cire la'ada, dattawa biyu suka sa hannu suka karɓi goronsu. Gonar, kamar yawancin gonakin ƙauye, ba ta da takardar mallakar da Dokar Filaye ta 1978 ta tanada. Shaidarta tana ƙirjin mutanen da suka ga rabon gado, kuma su ne dai waɗannan dattawan. Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Tsakaninsu da mai gona taku goma ne da labule, amma ba wanda ya ce a leƙa a tambaye ta.

A bakin autanta ta ji. Ta aike shi ɗebo kuka, ya dawo da kwando wayam.

"Umma, an sare kukar Kaka. An kakkafa turakun siminti."

Ta jira dare, yara suka kwanta.

"Malam, gonar Baba ka sayar?"

"Haba uwargida, ni da ke ai duk ɗaya ne. Kuɗin ma hidimar gida za su yi."

Hidimar gidan ita ce sabon babur, da akwatunan lefe da ake haɗawa a ɗakin ƙanwarsa.

Sai masu ba da haƙuri suka yi sallama. Mace ta gari ba ta kai uban 'ya'yanta gaban alƙali. Ki duba yara. Ki bar wa Allah. Wata tara suna lallashi, ba wanda ya taka ya ce wa mijin ya mayar da kuɗin mutane. Kawunta ne, almajirin fiƙihu, ya zaunar da ita: "'Yata, a Malikiyya wanda aka sayar da kayansa a bayan idonsa, ya ji labari ya yi shiru har shekara ta zagayo, ya rasa damar warware cinikin, sai dai ya bi kuɗi. Wata uku ya rage miki." Ashe haƙurin da ake ɗura mata lokacinta yake ci.

A kotu alƙali bai tsawaita ba.

"Ta wakilta ka?"

"Allah ya gafarta Malam, matata ce."

"Na ji. Ta wakilta ka?"

Ya sunkuyar da kai. Alƙali ya ce aure ba ya mallaka wa miji dukiyar mata, ciyar da ita ma a wuyansa yake ko da ta fi shi arziki, kuma cinikin kayan wani a rataye yake sai mai shi ya yarda. Ta ce ba ta yarda ba. Aka rushe ciniki.

Sai dai wanda ya saya ya riga ya yanka gonar gida huɗu ya sayar. Ɗaya daga cikin masu sayen malamin firamare ne da ya ci bashi, har ya zuba harsashi, bai san hawa ba bai san sauka ba. Aka ɗaukaka ƙara. Damina biyu ta wuce ba a shuka ko ƙwaya ba. Babur ya tafi a kuɗin lauya, masu lefe suka fasa, ita kuma tana gidan yayanta da ƙananan yaran.

Makon jiya an ga dillalan a wani zauren, gida uku daga nan. Dattawan nan biyu ma an aika a kira su.